Yadda Na Kai Inna Ngaundere Na Bar Ta a Ɗaki

Tun da na dawo daga Ngaundere ban samu sakat ba. In na tsaya sayen burodi sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Metir, yaya aka ƙare?" Haka ake kiran lauya a wajenmu. A teburin mai shayi kuwa na zama abin hira, wannan ya tambayi sanyin garin, wancan ya tambayi jirgin ƙasa, wani ma so yake ya ji ko gaskiya ne malaman suna sa wa ɗalibi kuka. Kullum amsata ɗaya ce, lafiya lau, an yi an gama, sakamako ya yi kyau. Ban yi ƙarya ba, amma rabin labarin ke nan. Na gaji da riƙe ɗaya rabin, don haka ga shi nan duka, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Iro, a Garwa aka haife ni, a nan na yi karatun shari'a a reshen jami'a. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna ta riƙe ni, har shekara biyu da suka wuce, ranar da ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Ƙanwata tana aure a Yaguwa, ga goyo ga gonar shinkafa, sai dai ta zo ta kwana biyu ta koma. Saboda haka ni ne mai dafawa, ni ne mai wanki, ni ne mai ɗaga ta in kwantar. Wanka ne kaɗai maƙwabciyarmu Goggo Asabe take shigowa ta yi mata. Da safe aji, da rana in hau babur ɗin wani in yi haya, in dawo in tarar da aiki yana jirana. A haka na rubuta kundin digirina na biyu, a kan rikicin gona tsakanin manoma da makiyaya. Abin da ya rage shi ne in je babbar harabar jami'a a Ngaundere in tsaya gaban malamai in kare shi, abin da muke kira sutanas.

Akwai abu ɗaya da sai an san shi labarin zai shiga kai. Ni ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In tana maganata da wani, ni ne "wancan". In mu biyu ne a ɗaki, bango take kallo ta ce, "A kawo ruwa," ko "A rufe taga." Ba ta taɓa tambayata yaya makaranta ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban mutum ba. Ciwo ya sa hannuna ya kai inda bai kamata hannun ɗa ya kai ba, amma ko wannan bai rage mata kunyar ba, sai ma ƙaruwa da ta yi.

Na shirya da Goggo Asabe za ta kwana da ita kwana uku. Ana saura mako guda, ina wanke kwanuka a tsakar gida, sai na ji Inna tana ce wa Goggo, da ƙarfin da ya isa in ji, "An ce Marta can take zaune yanzu, kusa da makarantar nan. Na daɗe ban ga Marta ba." Marta 'yar duwatsun Mokolo ce, Kirista, shekara da shekaru rumfarta tana jikin ta Inna a kasuwa kafin ta koma can tana dafa wa ɗalibai abinci. Goggo ta leƙo ta kalle ni, na kalle ta. Duk mun gane. Inna ba za ta taɓa cewa tana so ta ga ranar ɗanta ba, iyakar abin da bakinta zai iya ke nan. Kuma wallahi na ji daɗi. A ranar na kira Marta a waya, ta yi ta murna har sai da kuɗin wayata ya ƙare.

Bayan sallar asuba muka fita. Na aro kwat a wurin wani malamin firamare da ya fi ni tsawo, na naɗe ta cikin leda, na sa Inna a tsakiya tsakanina da mai babur, muka lallaɓa har ajans, tashar motocin safa. Na samo mata kujerar jikin taga, ni ina gefenta. Na miƙa mata kunu, ta kawar da kai. Na miƙa ruwa, ta ce wa gilashin taga, "Ba a jin ƙishi." Na san dalili, tsoron hanya take yi, amma na ƙyale ta don ni ma hakan ya fi mini sauƙi.

Muna tsallake gadar Binuwai ba da jimawa ba muka iso shingen jandarmomi. Wanda bai taɓa bin hanyar ba, ga yadda ake yi: kowa ya sauka, a bi layi da katin shaida a hannu, a wuce shingen da ƙafa, mota ta same ku a gaba. Na tsaya ina tunanin yadda zan goya ta a gaban mutane sittin. Wani jandarma dogo ya hau motar, ya ga ba ta motsa ba, ya tambaye ni da Faransanci. Na yi masa bayani. Ya karɓi katinta ya duba, ya dubi fuskarta, don hoton tun kafin ciwon ne, sannan ya rusuna ya gaishe ta da Fulatanci, ya ce ta yi zamanta. Inna ta amsa masa da kyau, har da sa albarka. Da ya sauka sai ta ce wa taga, "Wannan yana da uwa."

A Ngong mota ta tsaya, masu talla suka rufe mu, masara dafaffiya, ƙwai, gyaɗa, tsire a takarda. Nan na yi yawancin bincikena, na san rumfunan, na san wani dattijo manomi da ya taɓa riƙe ni yini guda yana nuna mini inda shanu suka bi ta cikin dawarsa. Na so in nuna wa Inna in ce nan ne, amma ba mu saba irin wannan hirar ba. Na saya mata ƙwai biyu na ɓare. Ta ci ɗaya, ya tsaya mata a wuya, dole ta sha ruwa, kusan rabin gora. Na tambaye ta a hankali ko in sauke ta ta zaga. Ta yi kamar ba da ita nake ba. Akwai mata a motar, da na roƙi ɗaya ta tambaye ta da ta amsa, amma ban yi ba.

Daga nan hanya ta miƙe cikin daji. Wani wuri birai suka fito bakin titi suna kallonmu, yaran motar suka yi ta ihu, Inna ma ta bi su da ido har suka ɓace. A Mbe doya ce ko'ina, tuli-tuli, mutane suka sauka suka yi ta ciniki kamar ba tafiya ce a gabansu ba, wani ɗan kasuwa ya cusa guda shida a ƙarƙashin ƙafafuna bai ko tambaye ni ba. Na ƙara yi wa Inna tambayar ɗazu. Ta juya ga taga.

Sai hawan dutsen nan da ake ba da labari. Titi yana nannaɗewa, mota tana nishi, manyan motoci sun mutu a gefe an tokare tayoyinsu da duwatsu, direba ba shi da wurin tsayawa ko da an roƙe shi. A tsakiyar hawan na ji hannun Inna mai lafiya ya damƙe gefen kujera. Na duba ƙasa. Ruwa yana bin ƙasan motar yana gangarawa baya, saboda hawa muke yi. Wata mata 'yar kudu da ke bayanmu, mai gilashi, ta ɗaga jakarta da sauri ta fara faɗa da Faransanci, wai wane irin abu ne wannan, wai mutane ba su da tunani. Kawuna suka juyo. Ni kuma, mai digirin shari'a, na juya na ba ta haƙuri da Faransancina mai kyau, na ce mata mara lafiya ce nake rakiya. Haka na ce. Ban ce uwata ce ba. Inna ba ta jin Faransanci, ta dai juyar da fuskarta ga taga, ba ta sake juyowa ba har muka sauka.

Masu tambayata jirgin ƙasa, ku yi haƙuri, ban gan shi ba. Jami'ar tana Dang, kafin a shiga gari, a nan muka sauka, cikin yayyafi da wani sanyi da ban taɓa ji da rana tsaka ba. Marta tana bakin titi da lema. Ta yi ƙiba, ta yi furfura, amma muryar tana nan. Kallo ɗaya ta yi wa zanen Inna ta gane, ta kwance mayafinta ta ɗaura mata a ƙugu, ta ce, "Hawwa, kin tsufa kin bar ni." Inna ta ce, "Ke ma ai ba yarinya ba ce." Muka kama ta mu biyu har gida.

Gidan Marta ɗaki biyu ne a bayan rumfar da take sayar da fanke da wake da kunu. Ta ba mu ɗakinta, ita ta koma na kaya. Gicciye yana rataye a bango, amma ta riga ta tambayi wani mahauci alƙibla, ta shimfiɗa sabuwar tabarma ta wannan fuskar. Ta dafa ruwa ta shiga da Inna bayan gida, ina zaune a rumfa ina jiyo su, Marta tana tuna mata wani mai awo da suka taɓa kora daga kasuwa, sai na ji Inna tana dariya. Na manta rabon da in ji wannan.

Zaman rumfar ma kallo ne. Ɗalibai maza da mata a benci ɗaya, cokali yana shiga kwanon kowa, budurwa ta ce wa saurayi ya matsa ta zauna, ya matsa. A unguwarmu da an yi haka da kafin magariba labari ya kai wa liman. Abincin ma daban. Tuwon rogo aka kawo mana, mai jan hannu, da miyar ganye da naman da Marta ta rantse mini sau biyu cewa yankan Musulmi ne. Ta yanka wa Inna fiya ta zuba mata zuma baƙa. Inna ta ɗanɗana ta ce man shanu ne da aka manta ba a soya ba, amma ta cinye. Kafin Marta ta ci nata sai ta rufe ido ta yi addu'a da ƙarfi, ta ambaci sunana a ciki, ta roƙa mini nasarar gobe. Inna ta sunkuyar da kai, na dai ga leɓenta ya motsa.

Da la'asar na tafi in ga ɗakin da za a yi. Na haɗu da Nuhu, abokin karatuna, wanda zai shiga bayana. Shi da mota uku suka zo daga Garwa. Muka tarar ana gama na wata ɗaliba, muka tsaya a baya muna kallo. Ashe abin biki ne. Dangi sun yi anko, an jera kuloli a bakin ƙofa, furanni a leda, mai hoto yana ta kaiwa da komowa. Iyaye a layin gaba, kan kujeru masu laushi masu jan yadi. Da aka faɗi sakamako uwar yarinyar ta miƙe ta rungume ta, mata suka ɗauki guɗa, malamai uku cikin manyan riguna suka tsaya aka yi hoto da dangi. Kowa yana kallon uwar, ni kuwa kujerar da ta tashi a kai nake kallo. Awa biyu ake zaune a kanta, ba a fita. Na tuna ƙasan motar, na tuna matar nan mai gilashi, na ga malaman da zan nemi aiki a hannunsu wata rana.

Da na koma, Marta tana ƙunsa wa Inna lalle a hannun hagu. Ta ce, "Iro, ƙarfe nawa ne goben? In kira mai taksi."

Ƙarfe tara na safe ne. Na ce, "Bayan la'asar ne, Mama. Ƙarfe huɗu. Da safe zan je in sa hannu a takardu."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi, amma da ta fito ban mayar da ita ba. Na ce a raina zan dawo in ce an sauya lokaci ba zato. Har na samo wa kaina hujja, na ce ai Inna ba ta ce tana son zuwa ba, wurin Marta ta ce za ta zo, ga ta ga Marta. Na san al'ada ce ta ɗaure mata baki, ni kuma na ɓuya a bayan al'adar.

Da safe na sa kwat ɗin aro, hannunta ya rufe mini yatsu, Marta ta naɗe shi ta kama da allura. Ina fita na ji Inna tana ce mata, "A ce wa wancan ya karya kafin ya tafi." Na sha kunu a tsaye.

Masu son jin ko malamai suna sa kuka, eh, suna iyawa. Su uku ne. Wata malama ta buɗe kundina ta bi shi shafi-shafi, ta ce na rubuta kamar mai ba da labari a kasuwa, ta tambaye ni inda na samo wata doka, na faɗa, ta ce ba nan ba ne, kuma ita ce da gaskiya. Na yi gumi cikin wannan sanyin. Amma da aka zo kan gonakin Ngong bakina ya buɗe, don wannan na san shi da ƙafata. Suka fita suka yi shawara suka dawo, kowa ya miƙe, shugabansu, wani dattijo mai sanƙo, ya karanta sakamako. Ya fi abin da na sa rai. Sannan ya dubi layin gaba, wanda dangin Nuhu suka cika suna jiran nasu, ya ce, "Ina mutanenka?"

Na ce mahaifina ya rasu, mahaifiyata kuma tana kwance a Garwa, ni nake jinyarta, ba ta iya tafiya.

Dattijon ya cire tabarau. Ya yi magana mai tsawo a kan ɗaliban da suke karatu da nauyin gida a kansu, ya ce in na koma in gaishe ta, in ce mata ta haifi ɗa. Ya sa aka tafa mata. Ɗaki guda yana tafa wa matar da ke Garwa, alhali tana bayan rumfar wake, tafiyar minti goma. Hajiya, mahaifiyar Nuhu, ta share hawaye, ta rangaɗa mini guɗa, ta zo ta tsaya a gefena aka ɗauki hoto. Nuhu ya san da Inna na zo. Ya kalle ni sau ɗaya ya mayar da idonsa kan takardunsa.

Na daɗe ina zagaya harabar kafin in koma. Azahar ta yi lokacin da na iso. Rumfar a rufe take, abin da aka ce Marta ba ta yi sai ranar Lahadi. Tana zaune a kan benci cikin atamfar zuwa coci, hannu a cinya.

Ta ce, "Barka, Metir."

Na fara cewa an sauya lokaci. Ta ɗaga hannu.

"Yara sun zo cin wake ƙarfe sha ɗaya. Sun ce wani Bahaushe na Garwa ya yi ƙoƙari, uwarsa tana can ba lafiya, har an tafa mata. Na ce Allah ya ba ta lafiya." Ta dubi ɗakin da Inna take. "Tun safe ta ce in yi mata wanka. Ba ta sha komai ba tun jiya da magariba, ko kunu. Na yi faɗa na gaji. Ta ce kujerar mutane ce, kada ta ɓata musu."

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Ban gaya mata ba. Ba ni na haife ka ba, ba ni zan ɗauka maka wannan ba. Shiga."

Inna tana zaune a bakin gado, an jingina ta da matashi. Ta sa wata shadda ruwan toka da ban san tana da ita ba, an ɗaura mata kallabi, lalle ya kama hannunta ja wur, takalmanta a jere a gabanta. Leɓenta ya bushe har ya tsage. Na durƙusa. Ƙaryar da na tanada tana bakina, amma Marta tana tsaye a ƙofa. Na ce, "Inna, an gama. Da safe aka yi. Na san da safe ne tun jiya."

Ba ta dube ni ba. Ta daɗe tana kallon takalman. Sannan ta ce, "Marta, tambayi wancan, an samu abin da aka zo nema?"

Na ce an samu.

"Iyayen mutane sun je?"

Na ce sun je.

Ta gyaɗa kai. "To, a ba ni ruwa."

Ta sha kofi biyu, ina riƙe mata. Na fi so ta zage ni, ko ta yi kuka, ko ta ce in fita. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na koma rumfa na zauna cikin kwat ɗin mutane, na kasa cire ta, na kasa cin abincin da Marta ta dafa saboda bikin.

Ƙarfe uku da rabi mai taksi ya yi hon a waje, don ba wanda ya tuna ya sallame shi. Na tashi zan ba shi haƙuri, sai na ji muryar Inna daga ɗaki. "Marta, tunda an kira mutum, kada a ɓata masa lokaci. A je a ga ɗakin."

Mota ba ta kaiwa bakin ginin, akwai tafiya da matakala. Na durƙusa Marta ta ɗora mini ita a baya. Ɗalibai suna zaune a gindin itatuwa, wasu sun ga fuskata da safe, na ga suna taɓa juna. Ba nauyi gare ta ba, ban taɓa lura ta rame haka ba sai ranar. Muka tarar da ɗakin ba kowa sai wata mata mai shara tana tattara ledojin furanni. Marta ta yi mata magana, ta jingina tsintsiyarta ta koma gefe. Na sauke Inna a layin gaba, a kan jar kujera. Ta shafa yadin da hannunta mai lalle. Ta dubi dogon teburin malamai, ta dubi allo, ta dubi fankoki.

"A ina ya tsaya?"

Na je na tsaya a wurin.

"A ce ya faɗi abin da ya faɗa musu."

Takardar jawabina tana aljihu. Na buɗe ta. Layin farko gaisuwa ce ga malamai, na biyu kuwa tun a Garwa na rubuta shi, godiya ga mahaifiyata da ke zaune a wannan ɗaki. Da safe tsallake shi na yi. Yanzu na karanta shi, na kai ƙarshensa na tsaya. Marta tana jin Faransanci, ta kawar da kai. Inna ta jira, da ta ji shirun ya yi yawa ta ce, "Da safe ma haka ya yi ta tsayawa?" Marta ta ce a'a. Na ci gaba. Minti goma sha biyar ina bayanin gonaki da burtali da dokar ƙasa cikin harshen da ba ta jin ko kalma ɗaya, ga kujeru ba kowa, ga mai shara a tsaye. Duk tsawon lokacin idonta yana kaina. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta dube ni kai tsaye haka ba, kuma ni ne na kasa ɗaga ido.

Da na gama, Marta ta gyara tsayuwa ta kai hannu baki za ta yi guɗa. Inna ta riƙe mata zane.

"An yi masa da safe?"

Na ce mahaifiyar abokina ta yi.

"Allah ya saka mata da alheri. Bar shi, Marta, an riga an yi." Ta sake shafa kujerar, ta dubi wurin da nake tsaye. "Da ma ni ba abin da zan yi musu a nan. Gani kawai na zo yi."

Mai shara ta ɗauki tsintsiyarta. Na durƙusa a gaban kujerar, Marta ta ɗora mini ita, muka fita.